Tsumman Taksi a Gwiwar Makaɗi

"Ku tsaya! Na ce ku tsaya!"

Kiɗa ya yanke ɗif. 'Yan rawa goma sha biyu suka ƙame, wasu da ƙafa ɗaya a sama. Ornela na tsaye a saman jirgin katakon da aka kafa a tsakiyar dandamali, baki buɗe, rabin baiti ya maƙale mata a maƙogwaro.

Doña Perla, mai shirya wasan, ta taso daga layi na uku tana kaɗa tabarau a hannu.

"Ornela! Ke 'yar nan, me ya shiga kanki? Sau uku ke nan! Da farko kin riga kiɗa, na biyu kin makara, yanzu kuma kin tsaya kina leƙen ramin makaɗa kamar ɗan kunnenki ya faɗa ciki!"

"Ki yi haƙuri, Doña Perla..."

"Haƙuri? Gobe za a ɗaga labule! Gobe! Ko kujera ɗaya ba ta rage ba!"

Ornela ta sake duban ramin da ke gaban dandamali, inda makaɗa ke zama. Wata uku cur na gwajin wasa kujerar makaɗi Lisandro tana tsakiya, daidai inda idonta ke sauka. Yau babu ita. An jingina ƙaton goge a wurin, shi kuwa an tura shi can ƙuryar hagu cikin duhu, ga baƙar riga ga baƙin wando. Ko inuwarsa ba ta gani.

"Saurare ni da kyau," in ji Doña Perla, ta sauke murya, abin da ya fi ihunta ban tsoro. "Gobe ke za ki yi, don sunanki ne a allo. Amma in kika ɓata min waƙar nan a gaban mutanen Buenos Aires, jibi Griselda ce za ta hau jirgin nan. Ke kuma ki nemi wata sana'a."

A bakin labule Griselda ta sunkuyar da kai, wai ita mai tausayi. Shekara bakwai tana zaman jiran gurbi, ta haddace rawar kowa da waƙar kowa, ko sau ɗaya ba a taɓa rubuta sunanta da manyan baƙaƙe ba.

Abin da Doña Perla ba ta sani ba shi ne, kunnen Ornela na hagu a mace yake. Zazzaɓi ne ya tafi da shi tun tana 'yar shekara tara. Sau ɗaya tak ta taɓa faɗa wa wani mai shirya wasa, ya yi mata murmushi, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, washegari ya bai wa wata matsayinta. Tun daga ranar ta kulle bakinta. Da kunne ɗaya ta yi shekara shida tana rawa a layin baya a gidajen wasan titin Corrientes, da kunne ɗaya ta doke mata arba'in ta zama tauraruwar "Amaryar Kogi".

Duk waƙoƙin wasan ta iya da su, in ban da ta ƙarshe. A nan takan tsaya a karkace, mataccen kunnen yana wajen makaɗa, mai lafiyar yana wajen 'yan rawa da ke dukan katako da dugadugai. Madugun makaɗa yakan sauke sandarsa, ya bar mai bandoniyon, kayan kiɗan nan da ake ɗorawa a gwiwa ana ja ana matsewa, ya ja kiɗan yadda ransa ya so, ita kuma ta bi shi da kunne.

Lisandro ne mai bandoniyon ɗin. A mako na biyu ya gano ta, kuma bai tambaye ta komai ba. Kawai dai ya koma tafiya ta damanta. In kuma an zo gaɓar nan, sai ya ɗaga dunduniya, kayan kiɗan ya tashi a kan gwiwarsa ya sauka, sau uku. A na ukun sai ta shiga. Da kallon gwiwa aka fara, kafin ta ankara zuciyarta ta bi bayan idonta.

Tana cire kwalliya a ɗaki Griselda ta shigo, ta tsaya ta damanta. Ta dama fa, da gangan.

"Sannu, tauraruwa."

"Ke kika sa aka ɗauke shi."

"Ni? Ni wa? Na dai ce wa madugu bandoniyon yana danne miki murya. Taimakonki na yi, ƙawata."

"Griselda..."

"Ranar Talata sau uku na kira sunanki ta wancan gefen. Ko gezau." Ta gyara gashinta a madubi. "Kwantar da hankalinki, ba zan faɗa wa kowa ba. Me zai sa in wahalar da bakina? Gobe mutum ɗari takwas za su ji da kunnuwansu... bibbiyu."

Ta fice tana ƙwas-ƙwas da takalmi.

A lungun bayan dandamali Lisandro ya tare ta, ƙoƙon mate, shayin ganye mai ɗaci, a hannunsa yana tururi.

"Siririya, sha wannan tukuna."

"Ba na sha! Na mutu, Lisandro, na mutu!"

"Matacce ba ya ihu haka. Sha."

Ta zuƙa, ɗacin ya ratsa ta, hawaye suka zubo.

"Na roƙi madugu ya mayar da ni," in ji shi. "Ya ce in kawo dalili. Dalilin kuma naki ne, ba nawa ba, ba zan taɓa shi ba sai kin ce."

"In na faɗa, an kore ni. In na yi shiru, an kore ni."

"To mu gwada wani abu, zuciyata. Hau jirgin."

Zauren ba kowa. Ya ɗaura farin hankici a gwiwa, ya zauna a ƙuryarsa, ya kunna 'yan fitilun da ke haska takardun kiɗa. Ornela ta zura ido har ya yi mata zafi. Takardu ashirin farare fat a cikin ramin nan, kowacce tana ɗaukar ido, hankicin ya ɓace a cikinsu.

"Kin gani?"

"Ba na ganin komai..."

Ya kwance hankicin ya cusa a aljihu. Karo na farko ke nan da ta ga Lisandro ya rasa dabara, sai tsoronta ya ninku.

A gida, a unguwar Boedo, mahaifinta Don Amílcar ya soya nama da dankali, ya zauna inda ya saba zama tun tana shekara tara, ta damanta. Shekara talatin da biyu yana tuƙa taksi, kuma ra'ayinsa a kan makaɗa bai taɓa canza hanya ba. Yana da dalili. Wani mai goge ne ya tafi da mahaifiyar Ornela tana 'yar shekara shida, har yau ko wasiƙa.

"Ba kya ci."

"Ba na jin yunwa, Baba."

"Makaɗin nan ne ko? Na sani!"

"Baba, don Allah..."

"Mutumin da ya raina motata! Na tsaya har ƙofar gidan wasa na ce shigo in rage maka hanya, ya ja da baya kamar na buɗe masa akwatin gawa!"

"Na faɗa maka ba raini ba ne. Rufin motarka ruwan ɗorawa ne, kuma ranar akwai wasa."

"Ji shirme!"

Shirme ne ko ba shirme ba, duk wanda ya taɓa cin abinci a gidan wasa ya san ba a shiga da ruwan ɗorawa. Ba riga, ba safa, ba fure. An ce launin yana kashe wasa tun daren farko, kuma kowa yana da labarin wanda ya gwada ya ga ba daidai ba. Lisandro kuwa ya fi kowa. Ko ayaba ba ya bari a shigo da ita ramin makaɗa.

"'Yata," in ji Don Amílcar, muryarsa ta yi laushi, "ni na ɗauke ki a hannu zuwa asibiti. Na san abin da kike ɓoyewa. Mutumin da kunne ne sana'arsa, ranar da ya san naki ɗaya ne, ko sallama ba zai yi miki ba. Ina raba ki da kuka ne."

Ta buɗe baki za ta faɗa masa cewa Lisandro ya riga ya sani, ta ga ya riga ya haɗe rai, sai ta fasa.

Washegari da la'asar shi ya kai ta. Titin Corrientes ya cika maƙil, ga sunanta can sama da manyan baƙaƙe: ORNELA CATTANEO. Don Amílcar ya rage gudu yana kallo, har na baya suka dame shi da hon.

"Ku yi ta yi!" ya leƙa ta taga. "'Yata ce waccan! 'Yata!"

Duk da halin da take ciki sai da ta yi dariya.

A ƙofar baya Lisandro na tsaye da akwatin bandoniyon. Da ya ga motar ya ɗan ja baya, ya yi alamar gicciye a ɓoye. Tsohon ya gani sarai. Ya fito, ya zaro tsummansa na goge gilashi daga aljihun baya, irin na kowane direban taksi, ruwan ɗorawa shar, ya shiga goge motar da ba ta da ko ƙura.

"Barka da yamma, Don Amílcar."

"Yamma dai."

Ornela ta fito. Lisandro ya zagayo ta bayanta ya tsaya ta dama, kafin ya ce, "Kin yi barci kuwa, Siririya?"

Hannun tsohon ya tsaya a kan gilashi.

"Kai. Me ya sa ka zagaya?"

"Na'am?"

"Tana nan, kana nan. Me ya sa ka zagaya ta can kafin ka yi magana?"

Lisandro ya dubi Ornela. Ita ta amsa.

"Ya sani, Baba. Tun wata uku. Ban faɗa masa ba, shi ya gane. Da gwiwarsa nake shiga waƙar ƙarshe... yanzu an kai shi cikin duhu, ba na ganinsa, yau kuma in na kuskure shi ke nan..."

"Ornela Cattaneo!" aka ƙwala daga ciki. "Mai kwalliya na jira!"

Ta ruga, ta bar su tsaye suna kallon juna, ɗaya da akwati, ɗaya da tsumma.

Ƙarfe takwas labule ya tashi.

Wayyo, zo ka ga Ornela a daren nan! Ta shigo da rawa kamar ƙasa ba ta taɓa ta, muryarta ta cika zauren har saman bene. Waƙar farko aka yi tafi, ta biyu aka yi ihu, a ta huɗu wata tsohuwa a layin gaba ta fashe da kuka. Amma duk tafin da aka yi, gabanta sai ƙara faɗuwa yake, don kowace waƙa tana matso da ita kusa da jirgin.

Lokaci ya yi. Ta hau matakala. Griselda na bakin labule, har ta fara motsa leɓe da baitin, tana gwajin gobe.

'Yan rawa suka fara dukan katako. Madugu ya sauke sanda.

Babu abin da Ornela ke ji sai dugadugai.

Ta juya ido ƙuryar hagu, ba don tana sa rai ba, sai don sabo...

Ruwan ɗorawa!

Can cikin duhu, ƙarƙashin 'yar fitilar takarda, wani abu ruwan ɗorawa yana haske a kan gwiwa. Tsumman Baba! Tsumman taksi, a cikin ramin makaɗa, a daren farko, a ƙafar mutumin da ke gudun ayaba!

Dariya da kuka suka taso mata lokaci guda, ta danne su.

Tsumman ya tashi, ya sauka.

Ɗaya.

Ya tashi, ya sauka.

Biyu.

Ta ja numfashi har ƙasan cikinta.

Uku!

Ta shiga daidai, ba gaba ba baya. Muryarta ta hau kan kiɗan ta zauna daram, ta yi sama, ta ƙara sama, ta riƙe baitin ƙarshe har sai da 'yan rawa suka manta suna wasa suka juyo suna kallonta. Da ta sauke, mutum ɗari takwas suka miƙe tsaye.

Sau bakwai ana mayar da labule. A can layin ƙarshe wani tsoho yana tsalle yana nuna ta da hannu biyu, yana gaya wa duk wanda ke kusa da shi 'yar wane ce.

Labule na sauka na ƙarshe ta kwasa a guje zuwa ramin makaɗa, da rigar amarya da komai. Amma Doña Perla ta riga ta isa. Tana tsaye a bakin ramin, fuska ja wur, ta ɗaga tsumman da bakin sandar madugu don kada ta taɓa shi.

"Wane la'ananne ne ya shigo min da wannan? A daren farko! So kuke ku kashe ni?"

"Ni ne," in ji Lisandro. Gumi ya jiƙa shi sharkaf.

"Kai? Kai da ka sa aka kori mai sayar da lemo daga ƙofa saboda launinsa? Me ya sa?"

"Haka kawai."

"Haka kawai? To haka kawai ɗauki akwatinka! Kada in sake ganinka a gidan nan!"

Ya sunkuya zai ɗauka. Ko kallon Ornela bai yi ba, don kada a gane. Nan ta ji wani irin sonsa ya cika mata ƙirji har ya kori tsoron shekara shida.

"Ajiye akwatin nan, Lisandro."

"Siririya, kar ki..."

"Doña Perla, saboda ni ne. Kunnena na hagu ba ya ji. Ko kaɗan. Tun ina yarinya. Gwiwarsa nake kallo in shiga waƙar, da aka kai shi duhu na daina gani. In kora ce, ni za ki kora."

Doña Perla ta sa tabarau, ta cire, ta sake sawa.

"Wata uku kina min waƙa da kunne ɗaya?"

"E."

"Abin da na ji yau... da kunne ɗaya?"

"E, Doña Perla."

"Ni kuwa ina da masu kunne biyu a nan da shekara bakwai ba su taɓa sa ni kuka ba!" Ta juya kan madugu. "Wa ya ce ka ɗauke kujerar yaron nan?"

Madugu ya yi tari, ya saci kallon bakin labule. Griselda ta nemi hanyar zamewa.

"Tsaya nan, Griselda. Daga gobe kina layin baya, kusa da bango, inda za ki huta da ba da shawara. Kai kuma madugu, a mayar da kujera inda take. Ke, sakarya, da kin faɗa min tun farko da na juya jirgin gaba ɗaya! Katako ne fa!" Ta rungume Ornela har sai da ta ji zafi, sannan ta nuna tsumman. "Amma wannan abin, a fitar min da shi ta taga. Ta taga, ba ta ƙofa ba!"

Lisandro bai jefar ba. Ya ninke shi ya sa a aljihun ƙirji.

"Ba ka ji tsoro ba?" ta tambaye shi, ta riƙe fuskarsa da hannu biyu.

"Tsoro? Na karanta duk addu'ar da kakata ta koya min, har da ta neman ruwan sama! Jira nake rufi ya faɗo."

"To me ya sa ka yi?"

"Babanki ya miƙo min, ya ce direba na hango wannan daga nisan layi uku cikin hazo. Ya ce in zaɓa, ko camfina ko 'yarsa." Ya sunkuyo daidai kunnenta na dama. "Ban ga abin zaɓa ba, rayuwata. Ki aure ni."

"Sake faɗa."

"Ba ki ji ba?"

"Na ji. Sake faɗa dai!"

Ranar Lahadi da rana Don Amílcar ya hura gawayi a tsakar gida, ya jera nama a kan wayar gashi. Lisandro ya zo da sabuwar riga da kwalin alawar madara, yana ta gyara wuya. Ya miƙa tsumman, wankakke, a goge.

"Na gode, Don Amílcar."

"Riƙe abinka. Na sayi wani." Tsohon bai ɗago daga kan wuta ba. "An ce kana son auren 'yata."

"In ka yarda."

"Ranar biki a motata za ku tafi coci. Da rufinta da komai."

Lisandro ya sake gyara wuyan riga.

"Ko a kan rufin ka ce in zauna, zan zauna."

Ornela ta tuntsire da dariya, ta ja kujerarta ta zauna. Don Amílcar ya kawo nama, ya nufi kujerar da ke damanta, wadda ba wanda ya taɓa zama a kai sai shi, shekara goma sha takwas ke nan. Ya dafa bayanta, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye.

Sai ya ja ta baya, ya dubi Lisandro.

"Zauna nan, ɗana. Ka riƙa magana a hankali, ba ta son ihu. In tana cikin fushi kuma takan yi kamar wannan ma ba ya ji, kada ka yarda."

Ya ɗauki farantinsa ya zagaya ta hagunta ya zauna. Ornela ta ga leɓensa na motsi, yana faɗin wani abu ƙasa-ƙasa, ya san sarai ba za ta ji ba.

"Me ka ce, Baba?"

"Na ce ki ci nama kafin ya huce."

Ta dubi Lisandro. Idonsa ya cika da ƙwalla, ya girgiza mata kai, alamar ba haka tsohon ya ce ba. Ba ta sake tambaya ba. Ta miƙa hannun hagu ta kama na mahaifinta, ta riƙe gam, ta ci namanta da hannu ɗaya.